The Godfather kashi na uku: lalataccen fim ne, ko dai yayyensa ne suka fi ƙarfinsa?

Mai Kaset, Sabuwar Unguwa, Katsina:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, amma ga waɗanda suka zauna suka kalli The Godfather duka ukun nake yi, ba wanda ya ga guntu-guntu a waya ba. Kashi na uku da ya fito a 1990, da gaske lalataccen fim ne kamar yadda ake ta yaɗawa, ko kuwa laifinsa ɗaya shi ne ya biyo bayan na 1972 da na 1974?

Abin da ya tayar da maganar, yarona da ke jami'a ya tura wa ƙannensa biyun farko, ya ce kada su ɓata data a kan na ukun, wai duniya ta gama yanke hukunci shirme ne. Na ce kai ka kalla? Ya ce a'a, ya dai karanta. To ni na kalla, ba sau ɗaya ba. Sana'ar hayar kaset na yi zamanin bidiyo, kafin faifan CD ya kashe mu, kafin waya ita ma ta kashe CD. Indiya da Canis su ne ke ciyar da gida. Irin su Godfather sai malaman makaranta da 'yan ma'aikata, kuma ko a cikinsu wanda ya ɗauki na ukun yakan maido shi washegari da sassafe yana cewa surutu ya yi yawa. Don haka kaset ɗin ya fi kwana a shago, ni kuwa ranar da babu ciniki shi nake sakawa.

Ga abin da nake gani. Na farko labarin yadda yaron kirki, tsohon soja, Michael Corleone, ya gaji kujerar ubansa ta shugabancin gidan 'yan mafiya ne. Na biyu labarin yadda kujerar ta cinye shi, har ya sa aka kashe Fredo, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, a cikin kwale-kwale yana kamun kifi, bayan ya jira mahaifiyarsu ta rasu don kada ta gani. Na ukun kuwa tambaya ce da ba kasafai finafinan 'yan daba ke yi ba: mutumin da ya yi irin wannan aiki, idan bai mutu da ƙuruciya ba, ya tsufa, ya yi kuɗi, ciwon suga ya kama shi, ina zai kai kansa? Galibi harsashi ake ba irinsu a ƙarshen fim kowa ya huta. Shi Michael Corleone an bar shi da rai, kuma wannan ne hukuncin.

Fim ɗin ya buɗe a 1979, Michael ya kusa sittin. Ya sayar da gidajen cacarsa, ya kafa gidauniya da sunan ubansa Vito, ya ba da dala miliyan 100 don talakawan Sisili, coci ta rataya masa lambar girma. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san wannan mutumin, ko da bai taɓa jin sunan Corleone ba: wanda ya tara ta hanyar da shi kansa ba ya son a tuna, sai girma ya zo ya fara raba shinkafa yana son a kira shi dattijo. Matarsa ta dā, Kay, ita kaɗai ta kalle shi a wurin bikin ta nuna masa cewa yanzu da ya yi rigar mutunci ya fi ba ta tsoro. Ɗansa Anthony ya ƙi karatun lauya, ya ƙi sana'ar gidan, ya ce shi waƙa zai yi, kuma ya san abin da ya faru da baffansa Fredo.

Wurin da nake kafa hujjata shi ne zamansa da Kadinal Lamberto a farfajiyar nan ta Sisili. Michael ya je neman shawara kan harkar kuɗi ne, sai suga ya faɗi, jiki ya hau rawa, aka ruga aka kawo masa ruwan lemo da alewa yana cusawa a baki kamar ba shi ne wanda ake rawar ɗari idan an ji sunansa ba. Daga nan limamin ya ja shi har ya furta laifinsa, ya ce ya sa an kashe ɗan uwarsa, ya fashe da kuka. Limamin bai lallashe shi ba. Ya gaya masa wahalar da yake sha daidai ce da abin da ya yi, kuma ƙofar gyara a buɗe take, sai dai ya san Michael bai yarda da hakan ba, ba kuma zai canza ba. A biyun farko babu wuri guda da Al Pacino, wanda ya fito a Michael, ya saki fuska haka. Can shiru yake wasa da shi, da ido. Nan kuwa mutum ne da ya gaji da shirun.

Ban ce babu aibi ba. Harkar bankin Vatikan ta ɗaure mini kai har yau, sunayen Turawan da ke ciki sun yi yawa, wasu ba ka san su ba sai ranar da za a kashe su. Harin jirgi mai saukar ungulu da aka kai wa taron manyan 'yan mafiya a Atlantic City kuwa, wallahi kamar daga wani fim aka yanko shi aka liƙa. Kuma askin da aka yi wa Pacino, gashi a miƙe kamar buroshi, Allah ya yafe wa wanda ya ba da shawarar.

Amma a ce shirme? Ni gani nake ɗan auta ne a gidan da yayye biyu suka riga suka zama gwamna da alƙali. Ko mi ya zama, cewa za a yi bai kai ba. Ina son jin ta bakinku, musamman masu ganin ba haka ba.

Malamin Tarihi, Ƙofar Marusa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ja da rai. Ni ina cikin masu ganin ba haka ba, kuma ba don na karanta a wani wuri ba.

A fara da yadda aka haifi fim ɗin. Francis Ford Coppola, daraktan finafinan, ya daɗe yana ƙin yin na uku, domin a wurinsa labari ya ƙare a 1974. Abin da ya dawo da shi bashi ne. Fim ɗinsa One from the Heart na 1982 ya faɗi warwas ya bar shi da ɗimbin bashi, ya kwashe shekarun 1980 yana biya. Da kamfanin Paramount ya sake tayi sai ya karɓa. Shi da Mario Puzo, mai littafin da ya fito a 1969, sun nemi wata shida su rubuta labarin, aka ba su mako shida, saboda kamfani na son fim ya fito ranar Kirsimetin 1990. Sunan da suka so ma ba "kashi na uku" ba ne, Mutuwar Michael Corleone suka so su sa masa, kamfani ya ƙi. Duk abin da kuke kira ɗaurewar kai, Alhaji, gaggawar nan ce ke leƙowa.

Sai babban ramin da ba ku ambata ba: Tom Hagen, lauyan gidan Corleone. Robert Duvall, wanda ya fito a Tom a biyun farko, ya ƙi fitowa saboda saɓani kan kuɗi. Ya ce zai yarda a ninka wa Pacino abin da za a ba shi sau biyu, amma ba sau uku ko huɗu ba. Sai kawai aka ce mana Tom ya mutu, aka kawo ɗansa a matsayin limamin coci ya yi 'yan gaisuwa ya wuce, aka sa George Hamilton ya zama sabon lauya. Lauyan nan ma'aikaci ne, albashi yake ci. Tom kuwa yaron da Sonny, babban wan Michael, ya tsinta Vito ya riƙa ne, tare suka tashi da su, shi ne namiji na ƙarshe a gidan da ya san Michael tun kafin ya zama abin da ya zama. Ku tuna yadda Michael ya fara yi masa kallon tuhuma a ƙarshen na biyu. Can ne na ukun ya kamata ya ɗora: bayan ɗan uwa na jini, saura ɗan uwa na riƙo. Da babu shi, sai aka nemo abokan gaba daga waje, su Don Altobello da Lucchesi da Akbishop Gilday, mutanen da ba mu taɓa cin abinci da su ba a finafinan baya. An ce mana Altobello tsohon aminin gidan ne, uban gidan Connie, ƙanwar Michael, ne na coci. To ina yake ranar bikin Connie a na farko? Cin amanar Tessio, tsohon na hannun daman Vito a na farko, ya yi mana zafi ne don mun san shi. Na Altobello labari kawai aka ba mu.

Harkar Vatikan kuwa ba ƙirƙira ba ce zalla, shi ya sa ta fi ba ni haushi da aka yi mata riƙon sakainar kashi. Paparoma Paul na Shida ya mutu a Agustan 1978. Wanda ya gaje shi, John Paul na Ɗaya, kwana 33 ya yi a kan kujera aka wayi gari ya mutu. A hukumance bugun zuciya ne, amma jita-jitar guba ta bazu, kuma ita fim ɗin ya ɗauka. Bankin Ambrosiano na Italiya, wanda bankin Vatikan ke da babban hannu a cikinsa, ya durƙushe a 1982, aka tsinci shugabansa Roberto Calvi a rataye ƙarƙashin gadar Blackfriars a Landan cikin watan Yunin shekarar. Shi ne Keinszig, mutumin bankin nan da kuka gani a rataye a gada a fim ɗin. Fim ɗin ya tattaro abubuwan 1978 da 1982 ya zuba su cikin 1979 zuwa 1980. Ban damu da matsar da shekaru ba, haƙƙin mai ƙirƙira ne. Abin da na damu da shi, na biyu ya yi irin wannan da juyin juya halin Kyuba na ƙarshen 1958, kuma ko ba ka san Batista, shugaban Kyuba na lokacin, ba ka fahimci abin da ake rabawa a kan tebur. Nan kuwa sai ka riga ka san tarihin kafin ka gane fim ɗin.

Maganar tuba, na yarda zaman Lamberto ya yi kyau. Amma mi ya ƙara mana? Hoton ƙarshe na kashi na biyu, Michael zaune shi kaɗai a waje bayan ya gama da kowa, ya riga ya faɗi duk wannan ba tare da an buɗe baki ba. Na ukun ya zo yana yi mana bayanin abin da muka riga muka gani. Biyun farko kowanne ya ci kyautar Oska ta fim mafi kyau, na farko kyauta 3, na biyu 6. Na ukun an sa shi takara a wuri 7, bai ɗauki ko ɗaya ba.

Maman Haidar, Daura:

Sallama gare ku. Yaya Mai Kaset, Malam, ku biyu kun yi ta magana kan maza, kun tsallake matan fim ɗin, alhali su ne suka riƙe shi.

Bari in fara da wadda kowa ke jifa, Sofia Coppola, ɗiyar daraktan, da ta fito a Mary, ɗiyar Michael. Gaskiya ba ta iya ba. Muryarta ɗaya ce ko tana murna ko tana fushi, kuma duk wurin da aka haɗa ta da Andy Garcia, wanda ya fito a Vincent, sai ka ga shi yana wuta ita tana sanyi. Amma a yi adalci. Winona Ryder aka ɗauka, ta janye ana gab da fara ɗaukar nata ɓangaren saboda rashin lafiya, uban ya waiga ya jawo ɗiyarsa da ba ta kai ashirin ba, ba kuma sana'arta ba ce. Ita ce jaririyar da aka yi wa wankan coci a ƙarshen na farko, lokacin da ake karkashe shugabannin gidajen nan. 'Yan jarida suka yi mata ca, har kyautar ba'a ta wadda ta fi kowa rashin iyawa aka ba ta. Daga baya ta koma bayan kyamara, ta ci Oska ta rubutun labari da fim ɗinta na 2003. Laifin na wanda ya tura ta ne, ba nata ba.

Sai dai ni akwai abin da rashin iyawar nan ya yi mini. Mary ita ce mutum ɗaya a gidan da ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Kowa a fim ɗin yana magana da baki biyu, ita kaɗai ke tambayar ubanta kai tsaye ko gidauniyar da aka ɗora ta a kai ta gaskiya ce ko rufa-rufa. Yarinya ce 'yar gata da ba ta san a kan mi aka gina gatan ba. Da gogaggiyar 'yar wasa ce, wataƙila da ta yi wayon da bai dace da Mary ba. Kuma ku tuna Coppola ya rasa ɗansa Gian-Carlo a haɗarin jirgin ruwa a 1986. Mutumin da ya binne ɗa, bayan shekara huɗu ya fitar da fim inda aka harbe ɗiyarsa ta cikinsa a kan matakalar gidan waƙa na Teatro Massimo a Palermo, uba ya rungume ta ya buɗe baki ihu ya ƙi fita. Malam, wannan ba bayanin abin da muka riga muka gani ba ne. A na biyu Michael ya rasa mutanen da shi ya zaɓi ya rasa. Nan an ɗauke wadda ya ce duk don ita yake yi, da harsashin da shi aka nufa.

Wani abu kuma da ke ba ni dariya. Turawa da yawa babban abin ƙyamarsu a fim ɗin shi ne soyayyar Mary da Vincent, wai ɗan wa da ɗiyar ƙane ne. Mu nan Daura wannan ai auren zumunci ne, da tuni iyaye sun sa rana. Ni kaina ɗan baffana nake aure. Da ka cire wannan ƙyamar daga idonka sai ka ga ainihin abin da Michael ke tsoro, kuma ya faɗa da bakinsa: maƙiya ta wurin abin da kake so suke biyo ka. Ya gani da idonsa a Sisili lokacin da bam ya tashi da Apollonia, matarsa ta fari, a motar da shi aka ɗana wa. Abin da ya fi ba Bahaushe mamaki ba dangantakar ba ce, asalin Vincent ne. Ɗan da Sonny ya haifa a waje, ba ya ma amsa sunan gidan, Mancini ake kiransa, shi aka ɗora a kujerar Vito, aka sumbaci hannunsa. Sharaɗin da aka gindaya masa kuwa ya rabu da Mary, kuma ya karɓa. Tun daga nan na san irin Don ɗin da zai zama.

Connie kuwa ita ce ribar fim ɗin gaba ɗaya. Amaryar da miji ke duka a na farko, bazawarar da ke yawo da maza a na biyu, ga ta nan cikin baƙaƙen kaya ta zama uwar gida. Ita ke yi wa Michael allurar suga, ita ta ba Vincent izinin kashe Joey Zasa, ɗan mafiyan da ke gaba da su, lokacin da Michael ke kwance a asibiti, ita ta miƙa wa Altobello kayan zaƙi mai guba ta zauna tana kallonsa da madubin hangen nesa har ya cika. Kuma ita ce ke maimaita wa Michael cewa Fredo nitsewa ya yi a ruwa, alhali ni a ganina ta san gaskiya. Kowane babban gida yana da gwaggo irin wannan, mai rufe asirin da kowa ya sani.

Ɗan Poly:

Baba Mai Kaset, a gafarce ni, ni na kalla kuma sau biyu barci ya ɗauke ni a tsakiya. Abin da ya tashe ni Vincent ne. Wurin da ya cije kunnen Zasa a ofis, da wurin da ya sa kayan ɗan sanda ya hau doki ya bi shi cikin taron bikin titi, nan ne na ji ina kallon Godfather. Andy Garcia ya samu shiga takarar Oska a kan wannan, kuma ya cancanta. Matsalar, da aka koma Sisili sai aka mayar da shi ɗan aike, kwatsam kuma aka ce ya yi hankali ya zama Don. Yaushe? Michael fim guda aka kwashe ana nuna mana yadda ya juya.

Kuma Baba ku duba shekarar. A 1990 ɗin nan Goodfellas na Martin Scorsese ya fito, da gudu, da dariya, da 'yan mafiya ƙanana masu warin titi. Kusa da shi na ukun nan sai ya zama kamar tsohon labari. Ba Coppola kaɗai abin ya sama ba ma, mu da muka tashi da Indiya mun ga Sarkar na Amitabh Bachchan a 2005, muka ga Sarkar Raj a 2008, na ukun da ya zo a 2017 wa ke maganarsa?

Tambayata: wane kuka kalla? Domin a Disambar 2020 Coppola ya sake yanka fim ɗin ya fitar da shi da sunan da ya so tun farko, Coda, Mutuwar Michael Corleone. Ya ɗauko zaman Michael da Akbishop Gilday ya sa shi a farko, don haka tun minti na fari ka san cinikin da ake yi. Ya rage wasu wurare. Ƙarshen ma ya canza: a na 1990 tsoho ya faɗo daga kujera ya mutu a tsakar gida a Sisili, a sabon kuwa an bar shi zaune da ransa. Ni sabon na kalla.

Akawu, Layout:

Alhaji, bari in warware muku harkar bankin, don ba ta kai yadda ake tsoronta ba. A banki na yi aiki kafin in yi ritaya.

Gilday shi ke riƙe da bankin Vatikan, kuma ya yi ɓarna, akwai giɓin sama da dala miliyan 700 a littafinsa. Vatikan na da kashi 25 cikin 100 na wani katafaren kamfanin filaye da gine-gine na Turai, Immobiliare. Michael ya ce zai zuba dala miliyan 600 a bankin, a sakamakon haka a bar masa ragamar kamfanin. Riba biyu yake nema: kuɗinsa su shiga kasuwar halal su ɓace a cikinta, sunan gidansa kuma ya wanku. Sai dai cinikin ba ya tabbata sai Paparoma ya sa hannu, Paparoma kuwa yana kwance rai a hannun Allah. Su Gilday da Keinszig da Lucchesi dabararsu ita ce su karɓi kuɗin su toshe giɓin, su yi ta ja masa rai, ragamar kuma ba za su saki ba. Altobello shi ne ɗan cikin gida da ke kai musu rahoto, shi ya ɗaure wa Zasa gindi, shi ya ɗauko makashin nan Mosca. Da Lamberto ya zama Paparoma ya fara bincike ya amince da cinikin, sai aka sa masa guba a shayi.

Shi ke nan fa. Abin da fim ɗin ke son faɗa, Michael ya yi zaton in ya hau sama zai tarar da masu tsabta, sai ya tarar na saman sun fi shi iya ta'asa, su ba sa ma riƙe bindiga. Tunanin mai kyau ne. Inda na goyi bayan Malam, an faɗe shi ne a tarurrukan masu hannun jari da mutane sanye da kwat suna musayar takardu, kuma ko ni da na yi shekaru a irin waɗannan tarurruka ban taɓa jin wanda ya ce a ɗauka a nuna a silima ba.

Mai Kaset, Sabuwar Unguwa, Katsina:

Madalla, na gode muku duka. Akawu, Allah ya saka da alheri, yau dai na san wa ya ci kuɗin wa.

Malam, maganar Tom Hagen na ba ka ita ɗungurungum, ba ni da abin cewa. Amma cewa na ukun bai ƙara komai ba, nan ina nan a kan bakana. Ƙarshen na biyu ya nuna mutum ya zama shi kaɗai, amma bai nuna yana nadama ba. Kalli fuskar da kyau, fuskar wanda ya ci yaƙi ce. Na ukun ne ya kawo nadamar, kuma ya nuna irin nadamar da ba ta isa ba. Mu tun muna makarantar allo aka karantar da mu sharuɗɗan tuba: ka yi nadama, ka daina, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in kuma da haƙƙin wani ka mayar. Michael ba addininmu yake bi ba, amma ku auna shi a kan wannan ku gani. Nadama akwai, har da hawaye. Dainawa fa? Ya rantse a gaban gawar Don Tommasino, tsohon amininsu na Sisili, cewa ba zai ƙara ba, bai tashi daga wurin ba ya miƙa wa Vincent kujera, yana sane sarai da abin da Vincent zai yi a daren waƙar nan. Ya cire hannunsa ne ya ari na wani. Haƙƙi kuwa, ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya zalunta ba mu ga ya nema ba sai Kay, ita ma so yake ta dawo. Miliyan 100 ɗin ma ba ga waɗanda ya cuta ta je ba, ga waɗanda za su ba shi lambar girma ta je. Fim ɗin ya san wannan, shi ya sa Lamberto ya ɗauko dutse daga cikin ruwa ya fasa ya nuna masa cikinsa a bushe. Ban san wani fim na 'yan daba da ya tsaya ya bi wannan lissafin dalla-dalla ba.

Hajiya, kin faɗi abin da na kasa faɗa game da matakalar nan. Rabin awar ƙarshe, yadda ake yanka tsakanin Anthony yana waƙar Cavalleria Rusticana a dandali da kashe-kashen da ake yi a waje, har da Calo, tsohon mai tsaron Michael, da ya soke Lucchesi da tabaransa saboda an caje shi babu makami, ni a wurina ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da wankan cocin na farko. Gordon Willis ne dai ya riƙe kyamara a duka ukun, duhun nan nasa bai canza ba.

Ɗana Ɗan Poly, na 1990 na sani, sabon ban gan shi ba. Amma in har da gaske an bar shi zaune bai mutu ba, to Coppola ya zo inda nake. Wanda ke da shi a waya ya biyo ta Sabuwar Unguwa bayan la'asar ya tura mini, ni zan sayi shayi. Barcin da ka yi kuwa ban ga laifinka ba, shekarunka ne. Ka ajiye shi ka sake kallo ranar da ka aurar da ɗiya.

Malamin Tarihi, Ƙofar Marusa:

Alhaji, ina da sabon a kwamfuta, zan kawo ranar Asabar. Amma ku shirya, Tom Hagen bai dawo ba a cikinsa, askin Pacino ma yana nan yadda kuka bar shi. Hajiya kuma ina da ja a kan cewa Connie ta san gaskiyar mutuwar Fredo. Ki kawo mini wurin da aka nuna hakan a na biyu.